Ƙafar Hagun Kaftin

Litinin, 3 ga Maris

Matar Kaftin ta zo shago yau ina cikin goge ƙafar kujera. Rabon wani ɗan gidansu da taka ƙofata har na manta. Ta ce, "Sannu da aiki, Bir... Yaya." Ta haɗiye sauran, amma na ji.

Wai ɓarin jikin Kaftin na hagu ya shanye, magana ma ta ɗauke. Ma'aikaciyar asibiti ta ce in ana buga masa abu daidai-daidai, ƙafar za ta riƙa bin bugun. Matar ta gwada da cokali da kwano, ya kau da kai. "Naka kaɗai zai bi, Yaya." Na ce mata ni kafinta ne.

Talata, 4 ga Maris

Ban je ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Bari in rubuta, tunda shekara talatin da huɗu ba wanda ya tsaya ya saurara.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. In uwata ta kore ni, uwarsa ke zuba mini abinci. Rana ɗaya muka shiga ƙungiyar matasan coci, rana ɗaya aka ɗauke mu badujala. Shi dogo, aka ba shi sanda ya wuce gaba, aka sa masa Kaftin. Ni ƙato, aka rataya mini babbar ganga. Dokar malaminmu biyu ce: ƙafar hagu kan bugu take sauka, kuma mai babbar ganga ba ya kallon komai sai sanda. In ta miƙe sama, ka buga biyu, kowa ya tsaya cak.

Ranar gasa, coci goma sha ɗaya a fili, mu ne na ƙarshe. Gaban rumfar alƙalai za mu tsaya. Kaftin ya ga rumfar baƙi ya ɗauka ita ce, ya ɗaga sanda. Na buga biyu. Nan take ya gane, ya sauke abarsa ya ci gaba da maci shi kaɗai. Na gaba suka tsaya, na baya suka afka musu, wani mai begila ya bar haƙorinsa a wurin. Fili ya ɗauki dariya.

Kowa ƙeyar na gabansa yake kallo, ni kaɗai na ga sandar. Da fasto ya tambaye shi, ya dubi ƙasa ya ce, "Ban ɗaga ba." Aka cire mini ganga a gaban jama'a. Tun ranar sunana Birki. Har 'ya'yana, 'ya'yan Birki ake ce musu. Shi kuwa ya zama dattijon coci, yana zama a bencin gaba.

Na tsane shi. Na rubuta, ban goge ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Wa'azin yau kan yafiya. Ban san wa ya kai wa sabon fasto labari ba, sai waiwayo ni yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A hanya uwar yara ta ce, "Baban yara, ka je mana, ko ka ji abin da zai ce." Na ce da wane bakin? Lokacin da yake da shi ma me ya faɗa?

Laraba, 12 ga Maris

Na je. Don in ga yadda Allah ya yi da shi na je, ba zan yi wa littafina ƙarya ba.

Ya rame. Yana kan kujerar roba a tsakar gida, bakin ya karkace, sandar dogarawa a hannun dama. Na ce, "Kaftin, sanda dai ba ta rabuwa da kai." Ba wanda ya yi dariya. Matar ta kawo kwano, na ce kwano ba ya kiran ƙafa. Na koma shago na ɗauko bokitina da guntun katako.

Bugun farko, matacciyar ƙafar ta motsa. Taku uku ya yi, matarsa na riƙe da shi tana kuka. Haushi ya kama ni, wato har yanzu ƙafarsa ta san hannuna.

Talata, 18 ga Maris

Taku tara. In ya yi jinkiri ba na jiransa, ganga ba ta jiran kowa. Hannuna ya yi kanta a wurin da ya saba yi da.

Juma'a, 21 ga Maris

Na tambaye shi yau da matar ta shiga ɗaki. Na ce, "Ka ɗaga ko ba ka ɗaga ba?" Ya zuba mini ido, yawu na bin haɓarsa. Wayon banza, a da ƙarya ta cece shi, yanzu ciwo. Ni na goge masa yawun, don ba kowa a wurin.

Laraba, 26 ga Maris

An shirya yau zai taka shi kaɗai daga kujera zuwa ƙofar gida. Maƙwabta sun taru, har da mai begilan nan, da giɓinsa. Ina bugu yana zuwa, hagu, hagu, hagu. Saura kamar taku biyar ya kai, sai ya ɗaga sandar sama, miƙe.

Na rantse tun ina saurayi ba zan ƙara bin sandar mutumin nan ba. Hannuna bai nemi shawarata ba, ya buga biyu.

Ya tsaya cak. Wannan karon bai sauke ba, ya riƙe ta a sama har kowa ya gani. Sannan ya juyo da kan sandar ya daki ƙirjinsa, yana kallona. Mai begila ya sunkuyar da kai. Matar ta ce ƙila ƙirjin ke masa ciwo. Ƙila.

Ban yafe ba, kada wani ya karanta ya ce na yafe. Na dawo na kasa riƙe zarto, sai na rufe shago da wuri.

Gobe ƙarfe huɗu zan koma. Na bar bokitina a can, kuma bai kai ƙofar ba tukuna.