Gidan da Yashi Ya Mayar

Mama,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, kada ki damu.

Gwamnati ta sayi gonar wani tsoho, Ejnar, don wani tudun yashi da iska ke turawa sannu a hankali ya samu hanya. Aikina cire shingayen gonar. Na yi masa jaje, sai ya yi dariya: "'Yar nan, ai aro yake yi. Zai haɗiye gidana, amma ya mayar da na kakata."

Gaskiyarsa ce. A bayan tudun, gidan kakar tasa ya fito daga yashi. Kullum da safe nakan tarar an share ƙofarsa tas. Ga shatin tsintsiya, amma babu sawun kowa.

Ki aiko min da safar ulu. In da hali, Mama, ki kawo da kanki.

'Yarki,
Thyra