Dunƙulen Miyar Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya Anti Rabi da yara? Mu nan Kebbe da sauƙi, sai dai da kunya nika rubuto maka.

Alkawarin da na yi maka cewa daddawa kaɗai zan riƙa sa ma Baba a miya, ban cika shi ba. Kullum dunƙule fuɗu nika marmasawa, don a yabi girkina.

Da ciwon kai da mantuwa suka matsa mai, muka kai shi asibiti Tambuwal. Likita ya ce ba shi da tabbacin musabbabin ciwon, amma gishirin dunƙule na tada hawan jini, wanda ka iya taɓa ƙwaƙwalwa. Ya tambaye ni me ake sa mai a abinci.

Baba ya riga ni amsawa: "Ɗiyata daddawa kaɗai taka sa min. Ba ta wasa da lafiyata."

Yaya, a gaban Baba na faɗi ma likita gaskiya. Bai yi min faɗa ba. Da muka iso gida ma, ni ya ce in girka mai tuwo.

Ka yafe min, ka sa shi a addu'a. Ina gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza