Awon Kan Tsuntsuwa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da 'yata Tsuntsuwa. Ni lafiya lau, sai faɗa da mutane, kin san hali.

Albishirinki. Kyaftin ɗin da nake wanke wa ƙaramin jirginsa ya yarda zai ɗaga Tsuntsuwa sama in ta zo hutu. Amma da sharaɗi: sai da abin kunne irin na matuƙa, daidai kanta. Injin jirgin nan a gaban hancin mutum yake, ƙararsa na iya lalata kunnen yaro. Na manya kuwa in aka sa mata, zamowa zai yi har wuya.

Na je shagon da ake sayar da su, mai shagon ya miƙo min na jin waƙa mai hoton zomo. Na ce, malam, jirgi na ce maka, ba rawa ba! Na zauna na karance kwalayen kaf, yana hararata. Abin da ake so: mara nauyi, sosonsa ya rufe kunne ruf, makirufo ya kai bakinta. Ki auna ta da zare, daga kunne zuwa kunne ta tsakiyar ka, ki yanke ki ba direban motar da ke zuwa nan ya kawo min.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso. Tun ranar yarinyar nan ba ta barin keken ɗinkina ya huta, ta hau ta ce jirgi ne. Ni kuwa gabana faɗuwa yake. Abin da ka ce a gaban hanci injinsa yake, shi za ka sa min 'ya a ciki?

Ga zaren nan. Ka rage faɗa da mutane. Kuma gaya min gaskiya, kai ka taɓa hawa, ko wankin kawai kake?

Allah ya tsare,
Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa, amma a taƙaice, don raina a ɓace yake. Wane irin zare ne wannan? Na shimfiɗa shi a kan tebur, mai shago ya tuntsire da dariya, wai kan ƙato ne, ko Kyaftin albarka. Na ce 'yar'uwata tela ce, ba ta kuskuren awo, in bai san aikinsa ba ya rufe shago ya koma sayar da ruwa. Har maƙwabta suka taru. Na sayi wanda zaren ya nuna don in ba shi haushi, na gwada a kaina, ya zauna min daram. Yaya, kaina da na 'yar firamare ɗaya ne?

Kyaftin ya ce ko yatsa ya shige tsakanin soso da kunne, ba za ta hau ba, kuma ana gama hutun nan zai tafi aiki wani wuri.

Maganar hawa kuma, ba ita na tambaye ki ba.

Auta

Auta,

Ina gaishe ka, Sarkin Faɗa. Na yi dariya har allura ta soke ni. Ranar da na auna ta na tsefe mata kai, gashin ya tashi kamar kwando. Sannan na ƙara yatsu uku saboda girma, kamar yadda nake wa kowace rigarta. Wa ke yanka wa yaro abu cif-cif? Ashe naku ba haka ba ne.

Ga sabon zare, na auna ta da gashin a danne, ban ƙara ko ƙwayar gashi ba. Zan yi mata kitso ƙanana a kwance, in cire 'yan kunne, kada soson ya danne su. Ka je ka ba bawan Allahn nan haƙuri. Wancan babban kuma kada ka mayar. Tunda kanka ya zauna wa, ka sa shi ka zauna kusa da ita. In ba ka ciki, ban yarda ba.

Yayarka

Yaya,

Gaisuwa. Mai shago ya karɓi haƙurin, har da ba ni kujera. Na yara ya zauna mata cif, Kyaftin ya nemi wurin sa yatsa ya rasa.

Mun tashi. Da ƙasa ta fara nisa sai na runtse ido, na ƙanƙame kujera. Can na ji 'yar murya a cikin kunnena, tas, kamar muna ɗaki: "Kawu, buɗe idonka, ina riƙe da kai."

Na buɗe. Kada ki gaya wa kowa.

Auta