Kalmar da Yarmolai Ya Ƙi Canzawa

Zuwa ga jikata Fenya, wadda a birnin Busan na Koriya suke kira Jiyun,

Gaisuwa daga kakanki Yarmolai, da fatan ke da mahaifiyarki kuna lafiya. Ni ina nan, gwiwa ce kawai take mini taurin kai.

Wasiƙarki ta iso. To, an koyi Rashanci a jami'a, madalla. Sai dai da na fara karantawa na zaci daga ofishin gunduma aka aiko a ƙwace mini amyoyin zumana. Ni ban taɓa zama a aji ba, a littafin addu'a kakata ta koya mini baƙi, don haka yadda bakina yake haka alƙalamina yake.

Ubanki Purohor ya bi jirgin kamun kifi zuwa Koriya, ya bar ni da ciyawa ba a yanka ba, har ya mutu bai waiwayo ba. Ban manta ba. Amma ke ba ruwanki. Ki zo a watan Yuli lokacin cire zuma, in ga fuskarki tun idona bai ƙarasa mutuwa ba.

Jaleyu tebya. Allah ya tsare ki.
Kakanki

*

Zuwa ga Kaka Yarmolai,

Ina gaishe ka cikin girmamawa, Allah ya ba gwiwa lafiya. Mama ma tana gaisuwa.

Na gane duk abin da ka rubuta, har da zolayar. Kalmar ƙarshe ce ta tsaya mini a wuya. Na san "tebya" ni ke nan. "Jaleyu" kuwa, ƙamus biyu na duba, duk abu ɗaya suka ce: ko "ina jin tausayinki", ko "ina nadama".

Idan tausayin marainiya ne, na gode, an yi mini shi ya ishe ni. Idan kuma nadama ce cewa jikarka rabin Bakoriya ce, gara ka faɗa tun ban sayi tikiti ba. Ina da dalilin tsoron wannan kalmar. Ka gafarce ni.

Jikarka,
Jiyun

*

Fenya,

Gaisuwa, ko da yake raina a ɓace yake.

Nadama! Wane mara aikin yi ne ya rubuta miki littafin nan? Na karanta wa maƙwabciyata Agafiya wasiƙarki, ta yi dariya har sai da ta dafa katanga. Ta ce, "Tsohon banza, rubuta mata 'lublu' mana, wato 'ina so', yadda suke faɗa a talabijin." Na ce, "Ke tsohuwa, je ki ji da akuyarki." Lublu ai kabeji mai tsami ake ce wa, ko shayi mai zafi. Abin da baki ke marmari ne.

A nan ƙauyen, tun kakannin kakanninmu, mutum ba ya ce wa nasa sai jaleyu. Da ita na zauna da kakarki Ustinya har na rufe mata ido. Ma'anarta ka riga matarka tashi ka hura murhu don kada ƙafarta ta taka sanyi. Ma'anarta idan naka ya yanke a yatsa, kai ne za ka ji zafin. Akwai tausayi a ciki, ban musa ba. Wane irin so ne babu tausayi?

Ubanki ma, da duk abin da ya yi mini, ban yafe ba, kuma jaleyu nake masa har gobe. Duka biyun suna zaune a ƙirjina, ba sa faɗa.

Ba zan canza kalmata don littafi ba. Ki zo ko kada ki zo. Gadon dai na riga na gyara, kuma ba don Agafiya na gyara shi ba.

Allah ya tsare ki.
Kakanki

*

Kaka,

Ina gaisuwa.

A asibiti Baba ya riƙe hannuna ya faɗi wannan kalmar sau biyu, bai ƙara magana ba. Lokacin ban iya Rashanci ba. Bayan an binne shi na je na duba ƙamus. Tun daga ranar nake zaton nadamar haihuwata ya tafi da ita, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Mama.

Na sayi tikiti. Ka zo tasha da kanka, ko da gwiwar.

Jikarka,
Fenya