Fatsar Tukur a Badagiri

Badagiri, Legas.

Zuwa ga Mukarrama, Maman Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da Inna, da Murja, da duk mutanen Gubuchi. Mamuda direba ya sauke tumatir zai juyo gida, shi ne na ce bari in ba shi wannan, tunda wayarki sai an hau tudu take kamawa.

Yarinya, na ga ruwa! Ashe abin da nake yi a rafinmu wasan yara ne. Ƙanina Zayyad da ya ce in zo in huta bayan wahalar noman rani, bai san wani aikin ya ɗora mini ba. Ya aro mini sandar fatsa ta fi gwangwala tsawo, da wani ɗan keke a jikinta da ake murzawa ya naɗe zare. A nan ba a sa tana, jatan lande ake soka wa ƙugiya, a ɗaura dalma, ka tsaya kan yashi ka wurga can bayan inda igiyar ruwa ke fashewa. Jifana na farko hulata na kama. Yarbawa suka yi ta dariya, ni ma na taya su.

Shi wannan ruwa ba ya bin hanya ɗaya irin na rafi. Ya zo, ya koma, ya kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Wani tsohon masunci ya ce kada in wuce idon sawu. Na ce, Baba, ni da nake lalubo tarwaɗa a rami da hannu?

Ƙanana kawai nake samu tukuna, amma ki wanke babbar tukunya.

Ki gaishe da Inna da kyau. Ki huta lafiya.

Naki,
Tukur.

*

Gubuchi, Makarfi.

Baban Murja,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Inna na sa maka albarka. Na karanta wa Murja maganar hula, ta yi dariya har ta ƙware.

To sarkin ruwa, tukunya dai a wanke take tun bara, kifinka ne ba mu gani ba. Ka ji maganar tsohon nan, don Allah, ruwan garinsu ne, shi ya san shi. Barkonon da ka bari ya nuna, ni kaɗai nake tsinka, bayana har ya ƙage. Hutun ya isa haka, ka biyo Mamuda ka dawo.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Mukarrama.

*

Badagiri, Legas.

Zuwa ga Yaya Mukarrama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya same ku cikin ƙoshin lafiya.

Takardarki ta iso hannuna ne, domin ta tarar Yaya Tukur ba ya nan. Kamar yadda na sanar da Kawu Auwal ta waya, ranar Talata da la'asar muna bakin teku, wani babban kifi ya kama masa ƙugiya, ya bi shi cikin ruwa, ruwan ya ja shi. Har zuwa yanzu ba a gan shi ba.

Amma kada ku yanke ƙauna. Na sanar da hukuma, na kuma ɗauki masu kwalekwale muna bin gaɓa. An ce mini akan samu masunta su tsinci mutum su kai shi ƙauyensu, in ba ya jin yarensu sai a daɗe ba a ji labari ba. Na je asibitoci, kuma zan ci gaba da zuwa. Ba zan bar garin nan ba sai da shi.

Ki kwantar wa Inna da hankali. Ki ce mata ana nan ana nema.

Wassalam.

Ƙaninki,
Zayyad.

*

Gubuchi, Makarfi.

Zayyad,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka da wahala, Allah Ya ba da lada. Na san ba ka zauna ba.

Na rubuto ne don in na kira ka, da na fara tambaya sai ka ce ba ka ji sosai, ka kashe. Takarda dai ba za ka kashe ta ba.

Damina ta sauka, Zayyad. An yi shuka, an yi noman farko, har yanzu kana ce mana ana nema. Ka san halin da ka bar ni kuwa? Ni ba matar aure ba, ni ba mai takaba ba. Mata su shigo su tsaya cirko-cirko, wannan ta fara yi mini ta'aziyya, waccan ta zungure ta ta ce ke, wa ya ce miki ya mutu? Ran nan na sa kwalli saboda idona na ƙaiƙayi, aka ce ga ta can tana ado miji na cikin ruwa. Na daina sawa, Inna ta ce ina yi wa ɗanta fatan mutuwa. Wallahi na gaji. Ko kuka ban san irin wanda zan yi ba.

Inna ta rame ta zama abin tausayi. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ta aiki Murja ta gano. Wani mai duba a Hunkuyi ya ce mata Tukur na nan a hannun mutanen ruwa, ta dawo da murna tana rabon goro.

Kawu Auwal ya kai ni wurin liman. Liman ya ce shi ba zai ce in shiga takaba a kan zato ba, in dai ɓata mutum ya yi, jira ne na shekaru. Amma ya ce in akwai wanda ya gani da idonsa, ya faɗi abin da ya gani, to sai a duba. Kai kaɗai ne namu a wurin.

Na san Tukur ne ya goye ka, na san kai ka kira shi hutun nan, shi ya sa bakinka ya yi nauyi. Ba wanda ya ɗora maka laifi, ni na fi kowa sanin taurin kan mijina. Ina son sa, Zayyad, ina kewarsa kamar in yi hauka. In yana raye zan jira shi har in tsufa. In kuwa ya rasu, kana hana shi addu'ar da ake yi wa mamaci, kana hana ni yi masa abu na ƙarshe da mace ke yi wa mijinta.

Don girman Allah ka faɗa mini me ka gani.

Allah Ya tsare ka.

Yayarka,
Mukarrama.

*

Badagiri, Legas.

Yaya,

Wa alaikumus salam.

Ruwa ya kai masa ƙirji, yana dariya yana ce mini in zo in ga kifi. Igiya ta taso ta rufe shi. Ya ɗago can nesa, na ji ya kira sunan Allah, wata ta sake rufe shi. Ban kawar da idona daga wurin ba har aka kira magariba. Babu kwalekwale ko ɗaya a kan ruwan ranar, Yaya. Babu wanda zai tsince shi. Tun a wurin na sani, zuciyata ce ta ƙi.

Yaya Tukur ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya yi shahada.

Zan maimaita wannan a gaban liman da Kawu. Ki shirya shiga takaba.

Kada ki gaya wa Inna. Ina biye da Mamuda, ni zan durƙusa a gabanta in faɗa mata da bakina.

Ƙaninki,
Zayyad.