Shingen da Muka Kafa da Hannunmu

Litinin, 4 Oktoba 2021
Ma'aikaciyar gwamnati ta zo, da motarta da wandonta. Wai cutar da ke ramar da barewa ta iso dajin gefenmu, kuma na daji kan shafa wa na gida in sun haɗa hanci ta ragar waya. Gwamnati za ta biya kuɗin shinge na biyu, a gama cikin mako biyu. Enos, maigidana, har ya miƙa hannu zai karɓi biro. Na take masa ƙafa. Mu Amish, Kiristoci masu gudun kayan zamani, yaushe muka fara cin na gwamnati? Bareyin nan arba'in da ɗaya da muke kiwo su ne cinmu da shanmu, amma ba za su sa a nuna mu da baki ba.

Lahadi, 17 Oktoba
Bayan sujada dattijo Ammon ya ce, “Saloma 'yata, kin fi mijin naki ƙarfin hali. Gayya za mu yi muku, amma sai an kai masara gida.” Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Talata, 9 Nuwamba
Lokacin barbara. Da safe na ga wani namijin barewa na daji, ƙashi da fata, yawu na zuba, hancinsa cikin waya yana shinshinar Goshi, barewar da na raina da kwalba. Na kore shi da tsintsiya. Ban gaya wa Enos ba.

Asabar, 4 Disamba
Maza sittin, yini ɗaya, shinge ya tsaya cak. Na soya kaji goma sha biyu. Ƙanena Menno yana ta tsiya: “Yaya, wannan ko gwamna sai ya yi sallama!”

Laraba, 12 Afrilu 2023
Goshi na tsaye kai a sunkuye, kunnuwa sun faɗi. Ba ta gane muryata ba.

Juma'a, 19 Mayu
Sakamakon gwajin Goshi ya fito, cutar ce. Likitan dabbobi ya ce takan yi shekara da rabi a ɓoye. Na ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur, lissafin ya kai ni Nuwamba. Doka ta ce in ɗaya ta kamu, duka za a kashe.

Talata, 6 Yuni
Ma'aikatan gwamnati sun zo da bindigogi. Har 'yan jariran. Na toshe kunne da matashi, a banza.

Alhamis, 8 Yuni
Enos bai zarge ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ammon ya zo jaje, wai Ubangiji ne ya bayar, shi ya karɓa. Na ce haka ne. Ban kawo masa shayi ba.

Litinin, 26 Yuni
Menno ya zo yana murza hula. Nasa bareyin talatin, shinge ɗaya.
“Yaya, dattawa sun ce in jira gayya bayan girbi. Ke me kika gani?”
Na dai ɗaura wa doki keke, na kai shi gari, na zauna a ƙofar ofishin gwamnati riƙe da linzami har ya fito. Babban yatsansa duk tawadar dangwale takardar shinge, na miƙa masa tsumma ya goge.
Enos ya tambayi inda muka je. Na ce sayen zare. Ya dubi hannuna, ba ko ƙulli ɗaya, ya ce, “Allah ya sa mai ƙarfi kuka samo.”