Iyakar Gonarmu a Gadarif

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ni Nasir ɗan Usuman, mai kula da sito a shagon kayan gyaran mota a unguwar Bani Malik ta Jidda, nake wannan rubutu da hannuna, cikin hankalina, ba wanda ya tilasta ni. Jiki ne ya gaza tun da aka fara yi mini wankin ƙoda. Zuwa gare ku, 'ya'yana Nayif, Ruba da Badar. Na san kun fi jin Hausa a kan karanta ta, kuma ba laifinku ba ne. Ummanku Mastura ta karanta muku a hankali.

Na ɗaya. Iƙamarku, takardar izinin zamanku a Saudiyya, a ƙarƙashin tawa take, in na tafi ita ma ba za ta daɗe ba. Kafilina Abdulmuhsin, wanda ya tsaya mini nake zaune a ƙasar nan, mutumin kirki ne, zai taimaka da takardu, amma kada ku ɗora masa abin da ba ya hannunsa. Ku yi shirin komawa Sudan. Na rubuta komawa, ga shi ba ɗayanku da ya taɓa taka ƙasar. Wannan shi ne abin da ya fi ciwon damuna.

Na biyu. Garinku Gadarif ne, ba Khartum ba, ko da yake kun sha jin na ce Khartum in aka tambaye ni a shago. Yana gabas, kusa da iyakar Habasha. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ciyawa da gonaki har inda ido ya tsaya, sai 'yan duwatsu a gefen gari. Ƙasar baƙar laka ce. Da rani tana darewa har ƙafar yaro ta shige, da damina kuwa tana ƙwace takalmi, mota ma ta kafe. Ruwan sha saye ake yi wurin masu amalanken jaki, don haka ku daina barin famfo yana zuba tun yanzu.

Dawa da riɗi ne suka riƙe garin. Za ku hango babban rumbun hatsi tun daga nesa, da kasuwar amfanin gona inda fatake ke zuwa daga ko'ina. Riɗi ba ya jira. In ya nuna, yanka shi ake yi da sauri a ɗaure a jingine, in ba haka ba ya fashe ya zube ƙasa. A kwanakin nan kada ku sa rai wani ya zauna hira da ku.

Kakana ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka. Ya tsaya Gadarif yin ƙwadago don ya sami kuɗin jirgin ruwa, damina ta yi kyau, ya share daji, ya yi aure. Yana raye motocin noma suka shigo, gari ya buɗe. Ya rasu bai ga teku ba. Iyakar sanina ke nan, kuma tsohon sani ne. An ce yaƙi ya koro jama'a masu yawa garin, watakila rabin abin da na faɗa ya canza.

Na uku, gona. Gonarmu ba ta da takarda. A gidanmu, yaro in ya tasa, babba ne ke ɗaukarsa su zaga iyaka da ƙafa, yana nuna masa inda tamu ta tsaya ta maƙwabci ta fara. Wannan muke kira taka iyaka. Wanda bai taka ba, ba ya da baki a maganar gona, ko ɗan wane ne. Na zauna zan zana muku ita, sai na kasa. Akwai kwarin ruwa da ya yanka gefe ɗaya, amma gabas ne ko arewa, ban tabbata ba. Akwai itacen ƙaro guda biyu, ko uku, in ma ba a sare su ba. Ni da ban taɓa ɓatar da ƙusa ɗaya a siton wani ba, na ɓatar da gonar ubana a cikin kaina. Kada ku yi gardama da kowa da abin da na rubuta nan.

Na huɗu. Mutum ɗaya ya rage da ya san iyakar nan, ƙanena, Baffanku Zaharaddin, wanda ya zauna yana noma ta. Ya sha aiko mini in turo Nayif a hutun makaranta ya taka. Na ce yaron ba na laka ba ne. Maganar ta yi masa ciwo, tun daga nan gaisuwar salla kawai ke haɗa mu. Na ɗauki waya zan kira shi ba sau ɗaya ba, kunya ta hana ni. Nayif, kai za ka kai abin da na kasa. Kada ka shiga gidansa da maganar gado a bakinka. Ka gaishe shi a durƙushe, ka ce ni na ce ya yafe mini, sannan ka roƙe shi ya taka da kai, da Badar in ya girma. In ya ce sai bayan kaka, ka ɗauki lauje ka bi masu yankan riɗi. Za su yi dariyar Hausarka da taushin hannunka. Ka jure. Rabonku bisa shari'a yana nan, amma a wuyan baffanku sanin wurinsa yake.

Na biyar. A sayar da mota a yi guzuri. Littattafan da nake rubuta al'amuran yau da kullum na Ruba ne, ita ce mai haƙurin karatu. Agogona na Badar. A binne ni nan Jidda, kada a wahalar da kowa.

Nayif, na ji abokanka na unguwar Sa'alaba suna ce maka ka maƙale a nan ko ba iƙama. Ban yarda ba. Ummanku ba za ta sauka tashar Gadarif da yarinya da ƙaramin yaro babu namiji a gabanta ba. Jirgi ɗaya za ku hau, gida ɗaya za ku sauka, tukunya ɗaya za ku ci, ko me aka dafa.

Allah Ya yi muku albarka, Ya tausasa zuciyar baffanku a kanku, Ya ba ku damina mai kyau a shekararku ta farko. Ku riƙe ummanku, ku riƙe juna. Ni kuma ku nema mini gafara.

Mahaifinku, Nasir.